Me Ya Sa Abinci Mai Maiƙo Ke Tayar Mini Da Zuciya?

Tambaya: Likita, duk lokacin da na ci ƙosai ko soyayyen nama, sai cikina ya yi nauyi, zuciyata ta riƙa tashi na tsawon sa'o'i, alhali tuwo ba ya yi mini haka. Mene ne dalili? Daga wata baiwar Allah a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malama, abin da kike ji yana da tushe a yadda jiki ke sarrafa mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal, kuma tun da mai ba ya gaurayuwa da ruwa, narkar da shi aiki ne mai cin lokaci.

Da zarar mai ya sauka daga tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji, sai bangon hanjin ya saki wani sinadarin saƙo, wato homon, mai suna CCK, wanda aka gano tun shekarar 1928. Shi ne yake matse matsarmama ta zubo ruwanta mai ɗaci domin ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, yana sa fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta fitar da sinadaran narkarwa, sannan yana rage saurin da tumbi ke tura abinci gaba, don kada a tara wa hanji abin da ya fi ƙarfinsa. Can ƙasan hanji kuma ana sakin wasu sinadaran saƙo biyu, GLP-1 da PYY, su ma suna jinkirta tumbi, suna sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Idan man ya yi yawa a zama ɗaya, saƙon ƙoshin yakan wuce kima, ya koma tashin zuciya. Shi ya sa allurar ciwon sukari mai suna Ozempic, wadda ke kwaikwayon GLP-1, take jawo wa mutane da dama irin wannan damuwa. Mai yana kuma sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi, abin da ke haifar da ƙwannafi.

Ba na goyon bayan ki daina cin mai gaba ɗaya, domin da shi jiki ke tsotsar bitamin A, D, E da K. Ki rage adadin da kike ci a lokaci guda, ki fifita dafaffe da gasasshe a kan soyayye, kuma kada ki kwanta sai bayan sa'o'i 3 da cin abinci. Lokacin azumi, kada ki buɗe baki da suya.

Abin da ya fi damuna shi ne tsakuwar matsarmama, wadda ita ma kan jawo irin wannan damuwa bayan cin maiƙo, ta fi kama mata, kuma sau da yawa ana ɗaukarta olsa a yi ta shan magani a banza. Idan akwai ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama da ke harbawa zuwa baya ko kafaɗa, ko idanu suka yi ɗorawa, ko zazzaɓi, ko rama ba dalili, ki hanzarta zuwa asibiti, kamar na Barau Dikko, a yi miki hoton ciki.