Kullum Sai Na Zubar Da Abinci

Tambaya: Anti sannu da aiki. Wallahi kullum sai na zubar da tuwo ko shinkafa, tumatir yana ruɓe min saboda rashin wuta, kicin kuwa robobi sun cika shi ko wajen juyawa babu. Ya zan yi? Daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ƙanwata ki rage hannu wajen awo, in gwangwani shida kika saba ki koma biyar ki gani. Tuwon dare ai ɗumamen safe ne, shinkafa kuma ki miƙa wa almajiri tun da ɗuminta, ba sai ta fara yauƙi ba. Tumatir in ya yi araha ki yanka ki barbaɗa gishiri ki shanya a rana ya zama kauɗa. Robobin nan marasa murfi kuwa, haba, ajiyar me kike musu? Ki ba masu gwangwan.