Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Zugin hannu da fargaba wurin kaɗa fiyano

Tambaya: Likita, barka da aiki. Bana na fara koyon fiyano. Da na yi awa guda ina kaɗawa sai kafaɗuna su sage, wuyan hannuna na dama ya kama zugi. Malamina ya ce in daure, hannun ne bai saba ba. Haka ne?

Amsa: Malama, a nan ban goyi bayan malaminki ba. Gajiyar da ke wucewa bayan ɗan hutu ba komai ba ce, amma zugi a wuyan hannu gargaɗi ne, kuma daurewa ƙara shi take yi.

Yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu a sangalin hannu suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Jijiyoyinsu ne ke bi ta wuyan hannu su ja yatsun. Idan kika ɗaure hannu kina kiɗa, tsokar da ke lanƙwasawa da mai miƙewa suna ja a lokaci guda, kamar mai tuƙin da ya taka totur da birki tare. Ga shi kuwa madannin fiyano bai buƙatar ƙarfi: nauyin da bai wuce giram 50 zuwa 60 ba ya isa ya saukar da shi, kuma zurfinsa kusan santimita 1 ne. Da zarar 'yar gudumar da ke ciki ta bugi waya sai ta koma baya, sauti ya riga ya fita. Duk ƙarfin da kika ƙara bayan nan a jikinki yake ƙarewa.

Ki gwada wannan yau. Danna madanni ɗaya da hannun dama, ki riƙe sangalin da hannun hagu. Idan ya yi tauri, ki sassauta a hankali har ya yi laushi ba tare da madannin ya taso ba. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan. Sannan ki duba zamanki: ki zauna a rabin gaba na kujera, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwar hannu daidai da tsayin madannai, wuyan hannu a miƙe. Kujerar da ta yi ƙasa ita ce ke sa mutum ɗage kafaɗa bai sani ba. Ki lura ko kina cije haƙora ko riƙe numfashi a wurare masu wuya, ina ganin wannan sosai wajen masu koyo. Bayan kowane minti 25 zuwa 30 ki tashi ki huta na minti 5. Idan zugin ya haura mako 2 duk da haka, ki je asibiti.

Tambaya: Babban yatsana, manuniya da na tsakiya suna mutuwa cikin dare, har in farka ina yarfe hannu.

Amsa: Malam, waɗannan yatsun jijiya ɗaya ce ke kai musu ji, kuma ta wata matsattsiyar hanya take bi a wuyan hannu, inda kumburi kan danne ta. Ka rage atisaye, ka ɗaura abin tallafe wuyan hannu lokacin barci, kuma ka je a duba ka, a haɗa da gwajin suga da na maƙoƙo. Kada ka jira sai abu ya fara suɓucewa daga hannunka.

Tambaya: A gida ina kaɗawa lafiya lau, amma gaban jama'a sai hannuna ya kama karkarwa, gabana ya riƙa faɗuwa. Wani aboki ya ce in sha maganin propranolol.

Amsa: Sinadarin adrenalin da jiki ke saki lokacin fargaba ne ke jawo wannan, ƙwararru ma yana kama su. Gaskiya ne propranolol na rage karkarwa da bugun zuciya, amma yana da haɗari ga mai asma da mai jinkirin bugun zuciya, don haka sai likita ya duba ka ya rubuta maka. Kafin ka hau dandamali, ka shaƙi iska ta hanci, ka fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ka riƙa kaɗa wa mutum 2 ko 3 tun ana saura makonni, jiki ya saba da idon mutane.

Tambaya: Shekara 15 ina kiɗa. Yanzu ƙaramin yatsana da na kusa da shi suna naɗewa da kansu in na hau fiyano, kuma babu ciwo.

Amsa: Rashin ciwon ne ya fi ɗaga mini hankali. Alamun sun yi kama da distoniya ta makaɗa, wadda tushenta ke cikin ƙwaƙwalwa, inda saƙon da ke sarrafa kowane yatsa ke cakuɗewa. Ita ce ta naɗe yatsu biyu na hannun daman Leon Fleisher, makaɗin Amurka, a 1964. Ya shafe shekaru kusan 30 yana kiɗa da hagu, kafin allurar botox mai sassauta tsoka da wata tausa ta musamman su taimaka masa ya koma kiɗa da hannu biyu. Ƙara awannin atisaye don a tilasta wa yatsun yakan dagula lamarin. Ka dakatar da kiɗan da ke tayar da naɗewar, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ka tafi masa da bidiyon hannunka yana kiɗa, domin a ɗakin likita yatsun kan yi kamar lafiyarsu ƙalau.