Amsa ga ɗan Garwa mai son tsara wasannin intanet

Ƙanena, ka rubuto cewa ka gama bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Garwa, kana son zuwa Faransa ka koyi tsara wasa irin World of Warcraft, wanda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya a lokaci guda, kuma kana tambayar hanyar da tsofaffin hannu suka bi.

Dubi Raph Koster. Digirinsa na biyu a rubutun adabi ya yi shi. Ya soma da LegendMUD, wasa na rubutu zalla babu hoto ko ɗaya, aikin sa kai. Shi ya buɗe masa ƙofar kamfanin Origin a Amurka, inda ya jagoranci tsara Ultima Online da ya fito a 1997, sannan a kamfanin Sony Online Entertainment ya jagoranci tsara Star Wars Galaxies da ya fito a 2003. Abin da ya kai musu shi ne wasa mai tafiya, da mutane a cikinsa.

A Ultima Online sun gina daji mai rai: dabbobi masu cin ciyawa, da masu cin su, kowa da abincinsa. Da 'yan wasa suka shigo sai suka karkashe komai saboda nama da fata, kafin dabbobin su sake yawa. Dole aka cire tsarin. Sana'ar ke nan, hasashen abin da ɗan Adam zai yi idan ya ga banza.

Gwada wannan tun kana gida, Excel ma ya isa. A ce a cikin wasa dodo ɗaya idan an kashe shi yana zubar da tsabar kuɗi 5, ɗan wasa yana kashe 60 a awa, ya tara 300. Idan gyaran takobi da sayen magani suna cin 100 kacal, 200 sun rage a aljihunsa duk awa. Ninka da mutum 1,000, tsawon wata. Kuɗi ya yi yawa, farashi ya tashi, sabon shiga ba ya iya sayen ko sanda, sai ya fita ba ya dawowa. Maganin shi ne ƙara mafitar kuɗin: haraji kan ciniki, kayan da ke tsufa, kuɗin tafiya. Bayan lissafin, sauke Godot, manhajar gina wasa, kyauta ne kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa. Yi wasa na mutum huɗu, ka ba abokanka na unguwa, ka rubuta inda suka yi maka magudi. Za su yi, kar ka ji haushi.

Batun karatu kuwa, shawararmu ka fara yin lisans, wato digirin farko, na kwamfuta a Ngaundare ko Marwa. Mai iya rubuta lambar kwamfuta ba ya rasa aiki ko da wasanni sun ƙi, kuma a 2023 da 2024 kamfanonin wasa sun sallami dubban ma'aikata. Daga nan ka nemi Cnam-Enjmin, makarantar gwamnati ta koyon tsara wasanni a Angoulême, ta hanyar Campus France, hukumar da ke kula da ɗaliban waje masu son karatu a Faransa. Sai ka ci jarrabawar shiga, kuma don biza za a nemi shaidar kuɗin zama; a 2024 kusan Yuro 615 ne a wata, wato sefa dubu 400 da ɗoriya.

Ba wanda ke ba sabon ɗalibi jagorancin irin wannan wasa. Ana farawa da gwada wasa don gano kurakurai, ko rubuta ƙananan ayyukan cikinsa. Kamfanin Ankama a Roubaix, masu Dofus tun 2004, irin wurin neman koyon aiki ne. A gida ma akwai Kiro'o Games a Yawunde, waɗanda suka fitar da Aurion a 2016. Duk inda za ka tura takardunka, haɗa da wasan nan na mutum huɗu da shafi ɗaya na abin da ya lalace da yadda ka gyara shi.