Giram nawa na NaOH zan auna?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗaliba ce 'yar SS3 muna shirin firaktikal na WAEC, an ce mu haɗa ruwan NaOH (sinadarin sodium hydroxide) mai ƙarfin 0.1 mol/dm³ har 250 cm³, na yi lissafi sai na samu giram 1000. Ina na ɓata?

Amsa: Ƙanwata, kilo guda kenan fa, ai ko a ido kin san ba zai shiga wannan 'yar kwalbar ba. Amma kada ki damu, hanyarki daidai take, wuri ɗaya kawai kika yi tuntuɓe.

Fara da mol. Ki ɗauke shi kamar dozin, dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk 12 ne amma nauyinsu ba ɗaya ba, to shi mol ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, kuma kowane sinadari da nauyin mol ɗinsa. Na NaOH sai ki tara Na 23, O 16, H 1, ya ba ki 40, wato mol ɗaya giram 40.

Ga inda kika zame. Ƙarfin da aka ba ki a kan dm³ yake, wato lita, ke kuma kika buga da 250 kai tsaye. 250 ɗin cm³ ne, sai kin raba da 1000 tukuna ya koma 0.25 dm³. Yanzu 0.1 × 0.25 = 0.025 mol, ki buga da 40, giram 1 cif. Wallahi wannan mantuwar ta cinye wa yara maki fiye da komai a wannan babin, shi ya sa kullum nake nacin a rubuta ma'auni kusa da kowace lamba.

Wajen haɗawa kuma ba wai ki auno ruwa 250 ki zuba a kai ba ne. Ki narkar da NaOH ɗin a ɗan tataccen ruwa, ki juye a fulas ɗin awo mai dogon wuya, ki ɗauraye kofin ki haɗa, sannan ki ciko har ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna a kan layi. Ki auna da sauri don NaOH na zuƙar danshin iska, ki bar shi a buɗe kaɗan za ki ga ya fara jiƙewa, kuma kada ki taɓa da hannu yana cin fata.

In Na₂CO₃ (sodium carbonate) aka ba ku ki duba jikin kwalbar, nauyin mol ɗin busasshen giram 106 ne, mai ruwa a ciki, wato mai ·10H₂O, kuwa 286.