Tambaya da Amsa: Yayana ne ya ɓata min rai amma mai ɗakina nake sauke wa

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, shekarata 34. Bana da muka sayar da riɗin gandu sai yayanmu ya raba kuɗi a zaure gaban ƙannena da baƙi, ya zabge min kaso wai kuɗin takin da na karɓo bashi, alhali gonar gandun aka zuba wa takin. Ban ce uffan ba tunda yaya ne. To tun ranar ƙirjina kamar an ɗora dutse, abu kaɗan sai in hau mai ɗakina da faɗa, shekaranjiya har ƙwallo na yi da kwanon tuwo don kawai miya ta huce. Ƙanena da ke karatu a Dutse ya nuna min wani jadawali a waya wai matakan wayewar ɗan adam, kunya lamba 20 fushi 150, yace ni ina can ƙasa. Gaskiya ne? Kuma ya zan yi in hau sama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka. Bari in fara sauke maka jadawalin nan daga kai tukuna. Na san shi, wani likita Ba'amurke ne David Hawkins ya fito da shi a 1995, lambobin suna hawa har 1000, kuma yadda ya samo su shi ne mutum ya miƙa hannu a faɗi wata magana sannan a danna hannun a ga ko zai yi ƙarfi ko zai saki. Wannan ba awo ba ne, masana ba su karɓe shi ba. Sannan kalmar da aka fassara maka da kunya, a Turancinta ta fi kusa da jin muzanta da ƙasƙanci. Kunyar da ta hana ka ɗaga wa yayanka murya gaban baƙi daban take, ita ce Annabi (SAW) yace reshe ce daga imani. Don haka kar wani ya ba ka lamba.

Amma maganar matakai akwai ta gaske, kuma ita nake amfani da ita a wurin aiki. A 1987 wasu masana biyu a Amurka, Richard Lane da Gary Schwartz, suka bayyana cewa sanin abin da mutum yake ji a ransa hawa biyar ne. Na farko jiki kawai ke magana, ƙirji ya yi nauyi, gaba na faɗuwa, kai na sarawa, abinci ya ƙi shiga, mutum bai san daga ina ba. Na biyu abin ya koma aiki, ka ji kana son dukan wani abu ko ka bar gidan ko ka daina yi wa kowa magana, ga kwanon tuwonka nan. Na uku ka iya kiran abin da suna guda, kace fushi nake. Na huɗu ka gane ashe ba abu ɗaya ba ne, cakuɗe suke. Na biyar shi ne ka ga cakuɗen naka kuma ka hango na wancan mutumin a lokaci guda ba tare da ka rikita su ba.

Kaga a kan wannan maganar ta riɗi kana tsakanin na ɗaya da na biyu, a kan wannan maganar fa nace, ba wai kai ɗin gaba ɗaya ba. Na tabbata ranar Alhamis in ka shiga kasuwar Maigatari kana kallon fuskar dillali ka san ya matsu ko yanga yake, wannan ai karatun zuciya ne mai zurfi. Mutum ɗaya yana hawa yana sauka a wuni ɗaya, yunwa da gajiya da rashin barci duk suna jawo shi ƙasa.

Abin da yake damuna da mu shi ne Allah ya ba mu kalmomi amma mun tattara su duka mun cusa cikin "raina ya ɓaci". Haushi daban, takaici daban, baƙin ciki daban, ga ƙunci ga fargaba ga nadama ga jin an raina ka. Haushi na wanda ya yi maka ne, takaici kuwa na abin da kake gani ƙiri-ƙiri ba ka da yadda za ka yi da shi. Da na karanta saƙonka sau biyu, ni ba kuɗin na fi gani ba, "gaban ƙannena da baƙi" na gani. Da a ɗaki ya kira ka ku biyu ya cire wannan kuɗin, dutsen zai kai haka nauyi? Zauna ka tambayi kanka. Wataƙila ka tarar da jin an kunyata ka, da takaicin ka yi shiru, da fargabar yadda hatsi zai kai ku damina, kuma a ƙarƙashi har yanzu kana ganin girmansa kana son yace ka yi ƙoƙari bana. In ka iya jero su haka to ka taka hawa na huɗu kenan.

Kuma kiran sunan ba wasa ba ne. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskoki masu fushi da masu tsoro, da mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da fuskar sai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, mai buga ƙararrawar haɗari, ya rage aiki, sashen gaba mai tunani ya ƙara. Na ga irin haka da idona. Wata baiwar Allah ta yi wata uku tana shan maganin olsa, an yi gwajin taifot ba komai, tana zaune tana murza bakin hijabinta tana cewa ita dai ƙirjinta ke ci da wuta. Sai can na tambaye ta me ya canza a gida, ta yi shiru mai tsawo sannan tace an fara ginin ɗaki a tsakar gida, ba wanda ya gaya mata na waye. Da bakinta ya furta "tsoro nake ji" sai kafaɗunta suka sauka, ta yi kuka, ranar muka fara aikin gaske.

Za a ce maka ka yi haƙuri, kuma haƙuri gaskiya ne, amma haƙurin da ba ka san me kake haƙurewa ba haɗiya ce kawai, abin da aka haɗiye kuma sai ya nemi ƙofa, ƙofar da ta fi sauƙi ita ce wadda ba za ta rama ba. Shi ya sa yaya ya yi laifi mai ɗakinka take biya. Wannan damuwar da ta sa ka rubuto, malamai za su ce maka nafsul lawwama ce da Allah ya rantse da ita a Suratul Ƙiyama, rai mai zargin kansa, alama ce mai kyau, riƙe ta.

To ga abin yi. Jikinka yana riga bakinka sani, don haka koyi alamarka, ko zafin kunne ne ko cije haƙori, da ka ji ta yi abin da hadisi ya koyar, in kana tsaye zauna, ko ka fita ka yi alwala. Bayan isha kafin ka kwanta ka tambayi kanka yau me na ji, a ina na ji shi a jiki, wa ya jawo, kuma ka hana kanka amsa da "ba komai". Mai ɗakinka ka ba ta haƙuri a fili, ka gaya mata ba miya ba ce, maganar zaure ce, ba zai rage maka girma ba. In abin ya wuce sati biyu ba barci ba cin abinci, ko ka ji hannunka na son kai mata duka, ko tunanin cutar da kanka ya zo, kar ka tsaya kan kemis ko ƙwayar da abokai za su miƙo maka, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano a Kano.

Shi kuma yaya, kar ka tare shi a zaure. Same shi shi kaɗai, ko ka tafi da kawunku in kana ganin bakinka zai yi nauyi, ka gaishe shi yadda ka saba sannan kace Yaya, maganar kuɗin taki ba ita ta fi yi min ciwo ba, gaban yara da aka yi ta ne. Ka saurari abin da zai ce, mai yiwuwa shi ma akwai bashin da ke wuyansa da bai gaya wa kowa ba. Ka rubuto min yadda kuka yi.