Ku Tambayi Anti: Hunturu Ya Kankama a Garin Gwamna

Assalamu alaikum mutanen Kaduna. Toh sanyi dai ya sauka, da asuba in ka leƙo waje gidan maƙwabcinka ma da ƙyar kake hangowa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara kuwa wannan ya gama mura wancan ya ɗauka. Saƙonnin makon nan kusan duk a kan sanyin ne, na farkon shi ya fi tayar min da hankali shiyasa zan daɗe a kansa.

Tambaya: Slm Anti, dan Allah inada tambaya. Ni mai jego ce yau kwana 12, ɗakina akwai sanyi sosai, sai surukata tace a dinga shigo min da kaskon gawayi da daddare a rufe ƙofa da taga kar sanyi ya shige ni da jaririn. Kwana biyu kenan ina tashi da ciwon kai da jiri, shima yaron da safe baya kama nono da ƙarfi. Ance min wai jego ne kawai. Daga mai jego, Rigasa.

Amsa: Ƙanwata barka da arziki, Allah ya raya mana. Amma dan girman Allah kar kaskon nan ya sake kwana a ɗakinki, daga daren yau, kuma yau ɗin nan ku kai yaron asibiti ki faɗa musu duk abinda kika faɗa min. Wannan ciwon kan da jirin ba jego bane. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka rufe yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, ko hayaƙi baki gani ba tana nan, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, sai jini ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa abinda take buƙata. Farko ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, daga nan barci mai nauyi, wani daga barcin sai dai a wayi gari a fasa ƙofa. Jariri kuwa ya fi ki saurin galabaita.

Na taɓa gani da idona a layinmu, wani bawan Allah maigadi, har hantsi bai buɗe ɗaki ba, rediyonsa nata magana a ciki ana ta buga ƙofa shiru. Da aka ɓalle ta gashi kwance cikin bargo, kasko a gefensa ya zama toka, ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba ya farfaɗo a asibiti, amma a ranar wasu cewa suke aljanu ne, wasu suce abincin dare ne.

Surukarki kuwa ƙauna ce ta sa, kar ki ja da ita. Haka aka yi musu jego suma, sai dai ɗakunan da na ƙasa ne, ga jinka ko azara, ƙofa asabari ce, iska na shiga tana fita ta ko'ina. Namu na yanzu siminti ne da silin da tagar gilashi ga labule mai kauri, in an rufe an rufe kenan. Ki sa maigidan ya yi mata bayani cikin ladabi, daga bakin ɗanta zai fi shiga. In ana so a ɗumama ɗakin a shigo da kaskon da yamma ƙofa da taga a buɗe, kafin a kwanta a fitar dashi tsakar gida, yaro a sa masa hula da safa, ke kuma suwaita da bargo. Janareta ma haka yake, kar a tada shi a baranda ko kicin ko bakin taga dan gudun ɓarawo.

Tambaya: Anti ina wuni. Gidan haya muke ɗaki 9, kowa da hitarsa, satin da ya wuce bokitin wata ya narke saura kaɗan ɗaki ya kama. In gobara ta tashi wa zamu kira ne? Daga wani magidanci, Tudun Wada.

Amsa: Malam lafiya lau, Allah ya ƙara tsarewa. Ka sa 112 a wayarka yanzu, lambar gaggawa ce ta ƙasa kuma kyauta ce ko babu kati. Sannan ka daure ka taka ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa daku ka karɓi lambar da suke ɗauka kai tsaye, a rubuta a bangon zaure da manyan baƙi, dan ranar da abu ya faru mai lambar a waya wataƙila yana kasuwa. In kun kira ku faɗi unguwa da layi da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko makaranta ko gidan mai, ku tura yaro mai wayo bakin titi ya tarbi motar. Kai ka san lungunan Tudun Wada, ga teburan masu kaya ga Keke an faka ga 'yan kallo, mota mai ɗauke da tankin ruwa ta ina zata bi?

Hita kuwa yadda take cin gida kusan iri ɗaya ne kullum, an saka ta a bokitin roba, nepa sun ɗauke wuta, an manta ba a zare ba an tafi aiki ko an kwanta, ƙarfe 2 na dare wuta ta dawo, ruwa ya tafasa ya ƙone, roba ta kama, ga iskar hunturu ta busar da komai kaman ƙirare. Ku yi doka a gidan, da an ɗauke wuta kowa ya zare hita da dutsen guga daga soket, a sa mutum ɗaya ya dinga zagayawa yana tuni. Wutar lantarki in ta kama a fara kashe ta daga mita, kar a watsa ruwa. Man gyaɗa in ya kama a kasko shima banda ruwa, a kashe murhu a rufe da murfi. Mai ajiye fetur a jarka a ɗaki kuma a yi masa magana ko da zai ji haushi.

Tambaya: Anti akwai bola a bayan gidanmu, kullum da magariba sai an cinna mata wuta wasu har jin ɗumi suke a wajen, ɗiyata nada asma bama barci. Ya zanyi? Daga wata uwa, Badarawa.

Amsa: 'Yar'uwa sannu, Allah ya bata lafiya. Hayaƙin bola ba irin na itace bane, leda ce da roba da tsumma da batir, ga gwangwanin maganin sauro da na turare da suke fashewa in sun ji wuta, kuma da sanyin dare hayaƙin baya tashi sama, kwanciya yake a unguwa ya shiga ɗakuna. Ki fara da mai unguwa, amma kar ki je ke kaɗai, ki haɗa maƙwabta uku huɗu da mazajenku, in liman zai yi tuni bayan sallah ma ya fi. In an ƙi bari sai ku rubuta takarda ku sa hannu ku kai KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, ko sashen tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi da hoton bolar. Gaskiya kuma sai unguwa ta yarda a yi karo-karo a biya masu kwashe shara, in ba haka ba an kashe wuta yau gobe an sake tarawa. Ita yarinyar inhelarta ta kwana kusa da ke, a yayyafa ruwa kafin a share ɗaki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ta sa takunkumi in zata makaranta da safe, turaren wuta kuma a ɗaga mata ƙafa zuwa bayan sanyi. In numfashi ya ƙi daidaita bayan ta shaƙi maganin, ko ta kasa magana sai a yanke, kar a jira gari ya waye.

Tambaya: Anti wai hazon nan daga ina yake zuwa, kuma yaushe zai tafi? Ni direba ne Kawo zuwa Zariya. Daga ɗanki.

Amsa: Ɗana, mafi yawansa daga Chadi ne, wani kwari da ake kira Bodele a arewa maso gabas da Tafkin Chadi, da can ruwa ne ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas ke kwaso shi ta sauke mana. Daga Nuwamba yake farawa, Disamba da Janairu ya fi ƙarfi, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris sai zafi ya karɓa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen hazo, kana iya ji a rediyo kafin ka yi lodi. Ranar da ya yi kauri jirgin sama ma jinkirtawa yake, kai ma ka bari gari ya ɗan washe, ka kunna ƙaramar fitila dan babbar haske take dawo maka dashi ido, ka bar tazara, kar ka sha gaban tirela baka ganin gabanka. In hatsari ya faru lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce.

Wasu biyu kuma sun tambaya kan sanƙarau. Lokacinsa rani ne, yana farawa da ƙurar nan ya fi tsanani in zafi ya shigo, musamman inda ake kwana a cunkushe. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, asibiti kai tsaye banda kemis. A 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar riga-kafin da ke kare nau'i 5 na cutar, ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ku tafi da katin riga-kafin yaran a duba abinda ya rage. Masu sikila kuma a rufe musu jiki sosai a dinga basu ruwa ko basu ce suna jin ƙishi ba, wanka da ruwan ɗumi in rana ta ɗaga.

Mai tambaya kan ruwan famfo da tsadar 'yan garuwa, saƙonka ya iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.