Zargi, tuhuma da ƙazafi: ina bambancinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A labarai nakan ji an ce "ana zargin wane da kaza", wani lokaci kuma "ana tuhumarsa". Shi kuma in ya tashi kare kansa sai ya ce "ƙazafi aka yi mini". Shin duk ma'anarsu ɗaya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ce, kuma sakaci da bambancin yakan ci mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba.

Zargi shi ne a jingina wa mutum laifi alhali ba a riga an tabbatar ba. Kalmar ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Kowa na iya zargi: maƙwabci, abokin aiki, ɗan sanda. Tuhuma ta fi shi nauyi. A maganar yau da kullum akan haɗa su, amma a harkar shari'a sai hukuma ta gurfanar da mutum gaban alƙali an karanta masa laifin da ake cewa ya aikata, sannan ya zama "wanda ake tuhuma". Har a wannan matakin ba a ce masa mai laifi. Sashe na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya tanadi a ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa bisa doka.

Ƙage, sharri da yarfe kuwa wani gida ne daban. Duk wanda ya yi amfani da su ya riga ya yanke cewa maganar ƙarya ce, an ƙirƙire ta da gangan. Saboda haka in ka ce "an yi wa wane sharri" ba ka tsaya a tsakiya ba, ka wanke shi, ka kuma ɗora laifi a kan mai maganar. Wannan ma yana buƙatar hujja, abin da mutane da yawa ke mantawa.

Ƙazafi ya fi su kaifi. A fiƙihu yana nufin jifan kamilallen mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, kuma aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke wa mai yinsa bulala 80 da daina karɓar shaidarsa. A bakin jama'a kalmar ta faɗaɗa zuwa duk wata mummunar ƙarya da ke zubar da mutunci. Jita-jita ita ce maganar da ba a san mai ita ba. Zato kuwa a zuci yake, shi ne aka ce zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mayar da "ana zargi" garkuwa. Mutum zai rubuta "an cafke ɓarawo" a kanun labari, ya sa hoto da suna, can a layi na biyar ya saƙala "ana zarginsa". Ai ya riga ya yanke hukunci tun a kanun. Daidai shi ne "an kama wani da ake zargi da sata", a kuma faɗi wanda ke zargin: 'yan sanda ne, mai kayan ne, ko wa? In shari'a ta ƙare, kalmar ma sai ta canza: ko "kotu ta same shi da laifi", ko "kotu ta wanke shi". A kula da "sallama", domin kotu takan sallami mutum saboda masu ƙara ba su kawo shaidu ba, a kuma sake gurfanar da shi daga baya.